Daga Shikago zuwa New Orleans don jin blues

A Amurka, jirgin ƙasan da ke barin Shikago da daddare sai washegari da la'asar yake shiga New Orleans. Hanyar da shahararren mai busa ƙahon nan Louis Armstrong ya bi ke nan a 1922, sai dai shi arewa ya nufa, da maigidansa a kiɗa, King Oliver, ya kira shi ya je su busa ƙaho tare. Gari ya waye mana a Memphis, muka ratsa jihar Mississippi, gonaki shimfiɗe iya ganinka. Dab da isa jirgin ya kutsa fadama, itatuwa tsaye cikin ruwa, tafkin Pontchartrain a gefe.

Titin Bourbon kam ban daɗe a kansa ba, hayaniya ce kawai da mashaya. Abin da ya kawo ni yana titin St. Peter, wato Preservation Hall, da aka buɗe a 1961 don tsofaffin makaɗan jazz, kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar garin, su samu wurin kiɗa da ɗan abin kai wa bakin salati. Ɗaki ne ɗan ƙarami, bangonsa duk ya koɗe. Wasu na kan benci, wasu a ƙasa kan matashi, sauran tsaye a baya. Na yi sa'ar gaba, har trombon, dogon ƙahon nan da ake turawa ana jawowa, na neman zungurar gwiwata duk sanda mai shi ya miƙa hannu.

Can wata mata ta miƙe daga gefen fiyano. Ta rera baiti ɗaya, ta maimaita shi da ɗan jan murya, sannan ta kawo na uku ya warware zancen. Haka blues, salon waƙar baƙaƙen fatar kudancin Amurka, yake tafiya. Amma ni abin da ya kama ni shi ne gurbin da take bari a ƙarshen kowane baiti. Tana yin shiru mai ƙaho zai cafe, ya rufe bakin ƙahon da wani ɗan kofin roba yana buɗewa yana rufewa, ƙahon na gunaguni. Ɗan amshi ne sak, sai dai ba ya maimaita abin da ta ce: wani lokaci ya lallashe ta, wani lokaci ya yi mata tsiya. Su kuwa mai kilarinet (wata irin sarewa) da mai ganga suka yi ƙasa-ƙasa da nasu.

Wannan salon mata ne suka kafa shi. Faifan Mamie Smith na 1920 ya nuna wa kamfanoni cewa baƙaƙen fata na sayen waƙa, Bessie Smith ta fara nata a 1923, a 1925 kuma Armstrong ya yi mata irin wannan amshin a "St. Louis Blues". A ganina ƙungiyar da ta danne muryar mawaƙiya ta ɓata rawarta da tsalle, komai gwanintarta.

A bangon ɗakin akwai allon kuɗin roƙon waƙa. Wadda ta fi tsada ita ce "The Saints", don baƙi sun ishi makaɗan da roƙonta. Duk da haka wani bature daga baya ya zaro kuɗinsa ya biya.