Abin da zaman shawara ya canza a gidanmu bayan an gano larurar ɗana

Ɗana na uku yana da larurar galahanga, wadda ake kira autism da Turanci. Likitan yara ne ya tabbatar mana da hakan a wani asibitin koyarwa, bayan yaron ya kai shekara huɗu bai fara haɗa magana ba, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, kuma ba ya shiga wasan tsararrakinsa. Ya gaya mana ƙarara cewa babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da larurar, sai horo da kulawa, sannan ya tura mu wurin wata ƙwararriya a fannin halayyar ɗan Adam. Ga mamakina, yawancin zaman da ni da mahaifinsa aka yi shi, yaron yana gefe yana jera murafan kwalba.

Aikin farko da ta ba ni shi ne in sayi littafin rubutu, duk lokacin da ya fashe da ihu ko ya buga kansa da bango in rubuta abin da ya faru kafin nan, da abin da ya yi, da abin da muka yi masa. Da muka zauna muka duba littafin, sai ga shi yawancin rikicin yana biyo bayan tashin janareton maƙwabta, ko ƙarar injin markaɗe, ko cikar gida da baƙi ranar suna. Abin da dangi ke kira taurin kai, ashe kunnensa ne ba ya jure abin da namu ke jurewa, ga shi ba shi da bakin faɗa. Muka ware masa ɗaki mai shiru, muka kuma liƙa hotunan kofi da buta da kwanon abinci da takalmi a bango daidai tsawonsa, domin ya nuna abin da yake so. Ta koya mana mu taƙaita magana, mu ce "zo ka ci abinci" kawai, mu yi shiru mu ba shi lokaci kafin mu maimaita. Wannan jiran ya fi komai wuya, amma shi ya fi yi mana amfani.

Batun surukata kuwa ya buƙaci dabara. Ta yi imani iska ce ta taɓa jikanta, wasu kuma suka yi ta zuga ta cewa allurar rigakafi ce sila. Ƙwararriyar ta nemi a zo da ita, ta gaishe ta cikin ladabi, sannan ta ce: "Hajiya, babu mai hana ki yi masa addu'a da tofi, amma hayaƙi da ɗauri suna ƙara masa firgici." Ta kuma yi mata bayani cewa binciken da ya haddasa zargin rigakafin, wanda aka wallafa a Ingila a 1998, an janye shi a 2010 bayan an gano ba shi da tushe. A ganina, da an raina fahimtar Hajiya a ranar, da duk abin da muke ginawa ya rushe, domin a gida irin namu maganarta ce ke tafiya.

Ni kaina sai da aka yi zama a kaina, saboda rashin barci da zargin kai sun kusa kayar da ni. Haka ma babbar yayarsa, wadda ta daina kawo ƙawayenta gida don kunya. Yanzu an rage mata raino, kuma tana da lokacinta da ni ita kaɗai.

Abin da ke damuna shi ne nisan wannan taimako daga yawancin iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da larurar, amma ƙwararrun suna tattare a manyan birane da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Maiduguri da Kware. An sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma dokar 2018 ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, duk da haka sai da wata makaranta ta mayar mana da kuɗinmu. Wadda ta karɓe shi, ƙwararriyar ce ta rubuta wa malamarsa takarda, ta nemi a zaunar da shi nesa da taga, a kuma sanar da shi kafin a kaɗa ƙararrawa.