Mun iso Tawa lahiya, ga godiyarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, alhamdulillahi, alhamdulillahi. Jiya bayan isha'i munka shigo Tawa, maigida yana kwance a kujerar baya ƙafa miƙe cikin siminti, kilomita wajen 550 ɗin nan daga Yamai kamar ba za su ƙare ba, duk ramin da mota ta faɗa tsakanin Dogon Dutsi da Kwanni sai na ji shi cikin nawa ƙashi. Yau kwana 23 rabona da barcin kirki. Waya cike take da saƙonnin da ban buɗe ba, wanda ya kira ban ɗauka ba don Allah ya yahe mini, wallahi ba raini ba ne, hannu ɗaya ne da ni kuma yana riƙe da marar lahiya.

Ba zan sake maimaita yadda haɗarin motar da munka yi a Gana ya faru ba, kun bi shi tun daren farko, wasunku ma sun riga mahaifiyata ji. Shekara 12 da aurenmu ba mu taɓa hita mu biyu kaɗai ba sai wanga karo, adashen shekara biyu na haɗa da nashi ɗan abin da ya tara munka ce bari mu ma mu ga kurmin nan da iyayenmu ke zuwa bida su dawo da labari. Jirgi ya kai mu Lome, munka karɓi motar abokinshi, munka ƙetare iyakar Aflawo zuwa Akara. Mun tsaya a kabarin Kwame Nkrumah, mutumin da ya karɓo ma Gana 'yancin kai a 1957, mun yi Juma'a a babban masallacin Kanda wanda Turkawa sunka gina, mun ci shinkafa da wake a Nima inda Hausa ke tashi ko'ina kamar kana kasuwar Tawa. A Elmina, gidan nan da Turawan Fotugal sunka gina a bakin teku tun 1482, na shiga ɗakin da ake tara mata bayi kafin a zuba su jirgin ruwa, ban iya ƙarasa zagayen ba na hito waje ina kuka. A dajin Kakum mun hau gadar igiya da ke rataye a saman itatuwa, ina rawar jiki maigida yana gabana yana ce mini kar ki dubi ƙasa, ki dubi bayana. Ashe kwana ɗaya ya rage in koma ni ce mai ce mishi kar ka rufe ido, ka dube ni.

Abin da nike son in tsaya a kanshi shi ne daren nan. Bayan taya ta fashe munka gangara ramin gefen gudoro, gaba kaɗan da Asin Fosu a hanyar Kumasi, magariba ta wuce, ruwa na zuba irin ruwan kurmi da ba ya ɗagawa. Ni Allah ya tsare ni sai yanka a goshi. Shi kuwa ina kiran sunanshi ba ya amsawa. Mutane sun taru, sun hiddo shi, kowa na magana da ƙarfi, wannan Turancin Ingilishi wannan yaren Asante, ni kuma Faransanci na yi a lakkol, ina cewa ku taimake ni ku taimake ni ba wanda ke gane ni, ni ma ban gane kowa. Wallahi ban taɓa sanin tsoro ba sai ran nan. Mijinka kwance cikin laka, ga mutane fiye da ashirin masu son taimako, amma ba ka iya gaya musu ko sunanshi da ciwon sukarin da yake da shi. Wayata ta jiƙe ta mutu. Na zauna cikin ruwan na ɗora kanshi a cinyata ina ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil, ina tunanin yara uku da na bari gida, ina tunanin da wane baki zan gaya ma uwarshi.

Wani direban tirotiro, ƙananan bas ɗinsu na haya, shi ya sauke fasinjojinshi a ruwa ya ɗauke mu zuwa wani ƙaramin asibiti. Ban san sunanshi ba, ban san addininshi ba, na ga dai giciye rataye gaban motarshi, kuma da na miƙa mishi kuɗin da ke ɗaure a bakin zanena ya ture hannuna ya tahi. Allah ya san shi.

A barandar asibitin nan ina tsugune jini na bin fuskata sai na ji an dafa kafaɗata an ce, "Sannu yarinyana, kai daga ina ne?" Hausa. Irin Hausar Zango da ba ta raba mace da namiji, amma a kunnena kamar muryar innata ce. Tsohuwa ce mai saida koko da ƙosai a ƙofar asibitin, ta tattara kayanta za ta tahi gida wani ya ce mata ga wata mai lulluɓi can tana kuka ba a jin yarenta. Na ce mata daga Nijar, daga Tawa. Ta saki bokitin da ke hannunta ta ce "Adar?" Na ce Adar. Sai ta rungume ni da jiƙaƙƙun kayana ta ce to ka zo gida.

Inna mai koko, na san ba ki da Facebook, amma jikanki ya ce zai karanta miki. Ke kika shiga wurin likita kika fassara mini, ke kika gaya musu zancen sukarin kafin su sa mishi ƙarin ruwa. Ke kika kwance ɗankwalinki kika ɗaure mini goshi kafin a ɗinke. Kika aika aka ɗauko mini zane busasshe daga ɗakinki, kika sa ni shan koko mai zahi da citta ina cewa ba na iyawa kina cewa mai jinya ba ya jinya da yunwa. Da anka ce sai an wuce da shi babban asibitin Kumasi cikin daren, ke da shekarunki sun haura saba'in kika hau ambilans ɗin tare da ni, kika bar sana'arki kwana huɗu. Cikin motar nan kika ba ni labarin mahaifinki, mutumin wajen Buza da ya gangaro da shanu ya koma fataucin goro ya zauna, har 1969 lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙi marasa takardu ya tattara ya koma arewa da ƙannenki, ke an riga an yi miki aure kika tsaya, tun ran nan ba ki sake ganinshi ba kuma ba ki taɓa taka ƙasar Nijar ba. Kika ce mini kullum in kin ga kamiyon albasa ya wuce sai kin bi shi da ido. Inna, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa kabarinshi dausayin aljanna ne, ya haɗa ku a Firdausi. Allah ya ba ki lahiyar gwiwoyin nan da kike kuka da su, ya kai ki Makka ki dafa Ka'aba da hannun da kika dafa ni da shi.

Sai 'yan albasa na Kumasi. An ce ba a faɗin sunan mai alheri don kar a rage mishi lada, ku yi mini haƙuri, sai na faɗa ko da laƙabi ne. Alhaji sarkin 'yan albasa, Ɗan Galmi, Dogo direba da yaron motarshi. Mutanen da ba mu taɓa gani ba, jikan Inna ya je tashar albasa da asuba ya ce ga ɗan Tawa kwance, kafin hantsi su tara ne a ƙofar ɗakin. Da likita ya ce ana bukatar jini kafin a shiga aikin cinyar, samari biyar sunka miƙe, biyu jininsu ya dace, ɗayan ma ko karin kumallo bai yi ba. Sefar da ke hannuna ba ta da amfani a kantin magani sai sidi, su sunka canza mini ba tare da sun ci ko dala ba, su sunka buɗe mini momo, asusun kuɗi na waya, don kuɗin da kuke aikowa daga gida su iso. Matar Alhaji kullum da la'asar sai kwanon tuwon zahi da miyar ayoyo ya zo daga Abuwabo, kwana goma sha tara ba fashi. Allah ya sa albarka a kasuwarku, ya tsare kamiyoyinku a hanya, ya kare muku albasa daga ruɓa da faɗuwar farashi, ya raya muku zuri'a.

Abokin maigida na Lome, mai motar, da na fara yi mishi zancen gyara sai ya ce in na sake ambaton ƙarhe alhali ɗan uwanshi na kwance to ba ni ba shi. Shi ya zo da kanshi ya bi zancen takardu da inshora wurin 'yan sanda, shi ya sai mana tikitin dawowa. Ma'aikaciyar jinyar dare mai ɗan guntun Faransanci da ke zuwa ta zauna da ni in ta ga na yi shiru da yawa. Mahaifiyata da ƙanwata da sunka riƙe yara har ba su rasa lakkol ko kwana ɗaya ba. Abokan aikin maigida da matan adashenmu da sunka ba ni kwasar da ba tawa ba. Maƙwabta da liman da sunka yi ta saukar Alƙur'ani. Na gode, na gode, bakina ya yi kaɗan.

Akwai abin da na so in haɗiye amma ya ƙi wucewa. Muna da dangi na jini a ƙasar nan, wasu tsakaninsu da asibitin bai kai kuɗin taksi ba, sun ga hotuna sun sa alamar addu'a a waya, shi ke nan. Kuma maganar da anka yi a gidan suna cewa wa ya aike su, masu kuɗin banza yawon Turawa, ta iso kunnena tun ina Kumasi ina wanke mishi jiki. Ba mu ci na kowa ba munka tahi, kuma abin da Allah ya rubuto ko a ƙofar ɗaki sai ya samu bawa. Na yahe, amma ta yi mini ciwo, ban iya cewa ba ta yi ba.

Ya Allah, duk wanda ya taimake mu da kuɗi ko jini ko ƙafa ko kira ko addu'ar da ba mu ji ba, ka taimake shi ranar da ba shi da kowa. Ka jeho mishi mai jin yarenshi a inda ya ɓace. Ka tsare matahiya na sama da na ƙasa da na ruwa, ka dawo da 'yan bida gidajensu lahiya, ka ba marasa lahiyar da munka baro a ɗakin nan sauƙi, musamman yaron gadon da ke kusa da namu da har munka taho bai farka ba. Ka jiƙan iyayenmu, ka zaunar da ƙasarmu lahiya. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Maigida yana gaishe ku, yana cin abinci yana magana, likita ya ce sai bayan wata uku zai fara taka ƙafar da sanda. Masu son zuwa dubiya don Allah ku bari sai bayan la'asar, da sahe yana shan magani yana barci. Kuma in akwai wanda ya san kamiyon da zai tashi daga Galmi zuwa Kumasi cikin satin ga ya yi mini magana, ina da cuku da kilishi da 'yar ƙasar Buza a ƙulle cikin leda da Inna ta roƙe ni in aika mata.