Masu shiga shafi daban, masu saye daban

Shekaranjiya bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a shago a Kantin Kwari, ya miƙo min waya jikinsa na rawa. "Kawu, dubi yadda ake shiga shafin takalmana!" Na ga layin Google Analytics, manhajar da ke ƙirga masu shiga shafin intanet, ya miƙe sama. Na ce, "To, ƙafa nawa ka sayar?" Ya yi shiru, can ya ce akwai wanda zai ƙaro masa masu shiga idan ya biya. Gabana ya faɗi, don ramin da na faɗa ke nan.

Lokacin da na buɗe wa shadda da atamfata shafin intanet, ina idar da sallar asuba adadin masu shiga nake fara dubawa. Na biya wani yaro kuɗi, adadin ya yi tashin gwauron zabo, na riƙa nuna wa maƙwabtan shago. Wata da watanni ban buɗe sashen da ke nuna daga inda mutane ke shigowa ba. Ranar da na buɗe, sai ga ƙasashen da ko yadi ɗaya ban taɓa aikawa ba, kuma ba mai wuce daƙiƙa kaɗan a shafin. Ashe na'ura ce take shiga tana fita. Ba wanda ya koya mana wannan abu, kuma a kasuwa muka tashi, inda taron jama'a nan ciniki yake. Amma gaskiya babban adadin ya yi min daɗi, shi ya sa na ƙi bincike.

Abin da ya fi cin raina shi ne masu sayen na ainihi suna nan a cikin lissafin, ban dube su ba. Daga Kaduna, Abuja, har Maraɗi, kusan duk da waya, suna ƙaruwa gab da sallah. Google Search Console yana nuna kalmomin da mutum ya rubuta kafin ya iso gare ka, masu shiga shafina kuwa "farashin shadda" suke nema. Ni kuma na ƙi rubuta farashi don kada maƙwabta su gani su karya min, kuma har yau ina ganin tsoron nan yana da dalili. Ga hotuna masu nauyi da ke cinye musu data kafin su buɗe. Haka suka riƙa juyawa. Da Google ya dakatar da tsohon tsarinsa na Analytics ranar 1 ga Yulin 2023, ban adana komai ba, shekara na zagayowa aka rufe tsofaffin bayanan.

Na so in zauna in yi muku dogon bayani, amma ku yaran yanzu ba kwa jira a gama magana. Kada ku sayi masu shiga, ko sisi. Ku rubuta farashi. Ku ƙirga mutum nawa suka danna maɓallin WhatsApp, ku gwada da littafin ciniki duk mako. Kai, ni da za ku ji tawa ma, ku rage kallon allon nan, ku tambayi wanda ya biya kuɗi, "Alhaji, a ina ka gan mu?" Amma ina, kun fi son hoton layi ya hau ku ɗora a status.

Na ce wa yaron ya dawo ranar Asabar da littafin cinikinsa. Ya ce ba shi da littafi. Na ciro sabo daga durowa na ba shi.