Abin da koyarwa a gidan yari ta koya mini game da tsattsauran ra'ayi

Ina cikin garin Bauchi a yammacin 7 ga Satumba 2010, ana azumi, saura kwanaki kaɗan Sallah, lokacin da 'yan Boko Haram suka fasa gidan yari suka saki mutum 721. Sun zo ne domin 'yan'uwansu da aka tsare bayan rikicin Yulin 2009, wanda ya faro daga ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, amma mafi yawan waɗanda suka fice daren nan fursunoni ne na laifuffukan yau da kullum. Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce, me waɗannan mutane suka riƙa ji a kunnuwansu tsawon watannin da suka yi suna kwana ɗaki ɗaya da masu wannan aƙida. Ita ce ta sa bayan shekaru na amsa kiran koyar da karatu a wani gidan gyaran hali na yankinmu, sau biyu a mako.

Na shiga da littattafai a hammata da kuma yaƙinin cewa jahilci ne kaɗai ciwon, hujja kuwa ita ce maganinsa. Mutum na farko da na yi muƙabala da shi ya saurare ni har na gama jero ayoyi da hadisai kan haramcin jinin Musulmi da na wanda aka yi wa amana, sa'an nan ya ce, "Malam, wa ya buɗe maka ƙofa ka shigo nan?" Nufinsa ni ma yaron ɗagutu ne, wato na gwamnatin da suke ɗauka ta kafirci. Babban kuskurena shi ne na yi wannan muhawara a gaban jama'a, domin da yamma labari ya zaga ɗakuna cewa ya tsaya wa malamin gwamnati, darajarsa ta ƙaru a idon samari. Na san labarin Abdullahi ɗan Abbas da Khawarijawa tun ina ƙarami, amma sai bayan wannan rana na lura cewa kafin ya kawo hujja ko ɗaya, sai da ya tambaye su abin da suke tuhumar Sayyidina Ali da shi, ya bari suka zayyana ƙorafinsu guda uku, kuma ta haka ne da yawa daga cikinsu suka dawo.

Wanda ya fi buɗe mini ido wani saurayi ne da aka kawo kan zargin satar babur, ya shiga shekara ta uku yana jiran shari'a, babu lauya, babu mai tsaya masa a beli. Na ga ya daina gaishe da gandirobobi, ya daina bin limamin masallacin gidan. Da na samu ya sake da ni, bayan makonni muna hirar mahaifiyarsa kawai, ya ba ni labarin wani mai wannan aƙida a gidan, ya ce, "Malam, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni na kasa haɗiyar gabza, shi ne ya jiƙa mini gari da sukari, shi ya ba ni sabulu, shi ya gyara mini Fatiha." Na ce masa, "Ɗana, da ya gama gyara maka Fatihar fa, me ya biyo baya?" Ya sunkuyar da kai. Abin da ya biyo baya shi ne bayani cewa kotun da ta manta da shi kotun kafirci ce, alƙalinta kafiri ne, duk mai yi mata aiki jininsa ya halatta. Ai mai neman mabiya bai ƙirƙiro zaluncin ba, ya tarar da shi ne ya ɗora masa fassara.

Kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma a ganina duk shirin yaƙi da tsattsauran ra'ayi da ya kau da kai daga wannan adadi ɗibar ruwa yake da kwando. Dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin yi wa al'umma hidima, kuma da za a yi aiki da shi sosai da ƙananan masu laifi da yawa ba su taɓa haɗa tabarma da masu kafirta mutane ba. Iraƙi ta ga irin wannan a sansanin Bucca, inda sojojin Amurka suka tsare Abubakar al-Baghdadi, wanda daga baya ya zama shugaban ƙungiyar ISIS, a 2004. Ware masu aƙidar a wuri guda ma yana da nasa haɗarin, kamar yadda harin da aka kai gidan yarin Kuje da ke Abuja ranar 5 ga Yuli 2022 ya nuna.

Daga baya na fahimci dalilin da ya sa sansanin Mallam Sidi da ke ƙaramar hukumar Kwami a jihar Gombe, inda ake gyaran tubabbun 'yan Boko Haram ƙarƙashin shirin Operation Safe Corridor, bai tsaya ga wa'azi ba, ya haɗa da masana halayyar ɗan Adam da koyar da sana'a. Ina kuma ganin girman fushin waɗanda aka kashe wa iyaye da 'ya'ya idan suka ga an sallami tubabbe da kayan sana'a su kuwa suna sansanin gudun hijira; wannan fushi yana da hujja, kuma bai kamata a rufe musu baki da kalmar haƙuri ba.

Saurayin nan kotu ta sallame shi bayan wani lauya ya ɗauki shari'arsa kyauta. Na raka shi wurin mai unguwa da limamin layinsu, muka samu wani kafinta ya yarda ya karɓe shi. Ina leƙa shi duk Juma'a bayan masallaci. Ya koma gaishe da mutane yana bin jam'i, amma har yau kawunsa bai yarda sun sa hannu a kwano ɗaya ba.