Kiran da wata dattijuwa ta yi mana a Rotorua

Da asuba jirgin ruwanmu ya shiga tashar Tauranga a ƙasar Niyu Zilan, gindin dutsen da Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira Mauao. Cikin wuraren yawon da aka ba fasinjoji zaɓi, ni na matsa wa Alhaji mu je Rotorua, saboda na ga an rubuta za a yi mana tarba irin ta Maori. Tafiyar kamar awa ɗaya ce a bas, ta cikin gonakin 'ya'yan itacen kiwi na garin Te Puke. Kafin ido ya ga garin hanci ya riga shi: warin farar wuta kamar na baragurbi, ga tururi na tashi daga ƙasa nan da can.

Jagoranmu saurayi ne ɗan ƙabilar Te Arawa. Ya tsayar da mu a ƙofar marae, wato farfajiyar taron dangi, ya ce sunan tarbar powhiri, ana furta shi "pofiri". Ba dariya, ba ciye-ciye, kuma sai mun fitar da shugaba. Furfura ta sa aka nuna Alhaji. Ya waiwayo ya ce, "Hajiya, kin ga abin da kika jawo mini." Na ce, "Bismillah kawai za ka yi, Alhaji."

Sai ga wani jarumi ya fito da sandar yaƙinsu, taiaha, yana juya ta, yana zare ido, yana takowa a hankali. Ya ajiye ganye a ƙasa ya ja da baya. Alhaji ya sunkuya ya ɗauka ba tare da ya ɗauke ido daga kansa ba, alamar da alheri muka zo.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu. Wata dattijuwa cikin baƙaƙen kaya ta tsaya a bakin babban zauren ta ɗaga murya. Karanga suke ce masa, kuma aikin mata ne. Ba waƙa ba ce, ba kuka ba ne, wani dogon kira ne da ke hawa sama ya sauko yana rawa a ƙarshe. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma tsigar jikina ta tashi. Mu mata aka sa a gaba, muna takawa sannu sannu. Da muka kai tsakiyar fili aka ce mu tsaya mu sunkuyar da kai. Jagoran ya raɗa mana cewa bayan maraba da mu, tana kiran mamatansu da namu, don a wurinsu baƙo yana zuwa ne ɗauke da waɗanda ya rasa.

Bara Inna ta rasu. Tun da muka hau jirgin nake daurewa, don ita ce mai cewa in ɗauko mata hoton teku. A filin nan hawaye ya ƙwace mini. Aƙidata daban da tasu, na san mamatanmu suna wurin Ubangijinsu, saboda haka addu'a na yi mata. Amma ban taɓa zuwa inda aka tarbe ni aka kuma tuna cewa ina da wanda na rasa ba.

Muka cire takalma muka shiga zauren, wharenui. Ginin kansa jikin kakansu ne: fuskarsa a ƙololuwar gaba, katakai biyu da suka gangaro hannayensa, doguwar azarar tsakiya ƙashin bayansa, sauran haƙarƙari. Maza suka zauna a sahun gaba. Wani dattijo ya yi jawabi da harshen Maori, harshen da a da ake dukan yara a makaranta in sun yi shi, sai a 1987 doka ta mai da shi harshen hukuma. Yana gamawa mutanensa suka mara masa baya da waƙa. Da aka zo kan Alhaji aka ce ya yi da harshen da ya ga dama, ya yi godiya da Hausa, muryarsa na rawa.

Daga nan sai hongi, gaisuwar haɗa hanci da goshi, numfashi ya gauraya. Da mata kawai na yi. Maza kuwa sai na dafa ƙirjina na russuna musu, ba wanda ya ɓata rai. Da na iso gaban dattijuwar nan ta ga idona ya yi ja, sai ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta ɗaga goshinta ba.

Abinci ne ke rufe tarbar, in ka ci ka fita daga baƙunci. Na bar naman, na ci dankalinsu mai zaƙi, kumara, da shayi.

A bas wani fasinja ya ce duk wasa ne aka shirya wa masu yawon buɗe ido. Gaskiya ne kuɗi muka biya, kuma an taƙaita abin da kan ɗauki sa'o'i. Amma ni da na ji ɗumin hannun matar nan ban yarda da shi ba.

Da magariba jirgi ya bar Tauranga. Bayan mun idar da salla Alhaji ya ciro ganyen daga aljihu ya miƙo mini, na fita da shi bakin jirgi na ɗauki hoton teku.