Abin da bin sawun sunan Barth ya koya mini

Da wuya ɗalibin tarihi a ƙasar Hausa ya gama karatu bai ji sunan Heinrich Barth ba, Bajamushen nan da ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya rubuta abin da ya gani na saƙa da rini da fatauci. Mun san hanyar da ya bi: Kukawa, Yola, Sakkwato, Gwandu, har Tambutu a 1853. Abin da ba a koya mana ba shi ne gidan da ya fito, da dalilin da ya sa ake ce wa gidan nasu Barth. Da na je ƙaro karatu Jamus, aka ba mu aiki a darasin nazarin sunaye, kowa ya zaɓi sunan iyali guda ya bi diddiginsa, sai na ɗauki wannan.

Jamusawa ba da sunan iyali suka taso ba. Har wajen ƙarni na 12 mutum suna ɗaya gare shi. Da birane irin su Kolon suka cika, masu suna Johann da Heinrich suka yi yawa, masu karɓar haraji da masu rubuta cinikin gidaje suka bukaci abin da zai bambanta wannan da wancan. Sai aka riƙa liƙa wa mutum sana'arsa, ko garinsu, ko sunan ubansa, ko wata siffa ta jikinsa. Shi ya sa sunan da ya fi kowane yawa a Jamus yau shi ne Müller, wato mai niƙa, sai Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda laƙabin ya daskare ya zama gado. Kamar a ce wani dattijo a unguwa ana kiransa Maigemu, sai 'ya'yansa da jikokinsa, maza da mata, su ci gaba da amsa Maigemu har shekara 700, alhali an manta da shi kansa dattijon.

Da gangan na kawo misalin gemu, don shi ne bayani na farko da masana sunaye ke bayarwa kan Barth: laƙabin mai gemu, a zamanin da yawancin maza ke aske fuska. Amma akwai wasu. Sunan na iya zama gajarcewar Bartholomäus, sunan yanka da ya yaɗu ta hanyar coci. Yana iya nufin mutumin da ya fito daga Barth, wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Baltik kusa da Stralsund. Akwai kuma tsohuwar kalmar barte, wani irin gatari mai faɗi, wadda akan laƙaba wa mai ƙera shi ko mai aiki da shi. Saiwa huɗu ke nan, kowace ta fitar da nata Barth ɗin a wurare daban-daban, ba tare da sun san juna ba.

A nan darasi na farko ya same ni. An haifi Heinrich a Hamburg ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Hamburg arewa take, garin Barth ma arewa yake, don haka zuciya na saurin cewa ai shi ke nan, daga can suka gangaro. Sai ka duba ka ga mahaifinsa, Johann Christoph Heinrich Barth, baƙo ne a Hamburg, daga yankin Thüringen na tsakiyar ƙasar ya zo. Ka ƙara dubawa ka ga da sana'ar fawa ya fara kafin ya zama ɗan kasuwa mai hali, sai wani labarin ya sake leƙowa: mahauci, gatari, ga asalin suna. Malamar da ke koyar da mu ta ce mana labarin da ya fi dacewa shi ya fi bukatar a tuhume shi. Sunan ya girmi mahaucin da ɗaruruwan shekaru, sana'ar da ya yi a ƙarni na 19 ba ta da ta cewa kan laƙabin da aka raɗa wa wani tun kafin a haifi kakan kakansa. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma tun daga lokacin na fara tsoron duk wani bayanin asali da ya zo a shirye ba ƙura a jikinsa.

Abin da ke haɗa mutum da kakansa takarda ce, ba kamannin suna ba. Kuma takardun Jamus, in ka wuce wani zamani, na coci ne. Taron Trent, babban taron shugabannin cocin Katolika, ya wajabta wa limaman Katolika rubuta baftisma da aure a 1563, cocin Furotesta ma a wurare da yawa sun fara tun a wannan ƙarnin. Yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya ƙone littattafan ƙauyuka masu yawa, shi ya sa zuriyoyin talakawa da dama ke tsayawa cik a tsakiyar ƙarni na 17. A yawancin ƙasar, gwamnati ba ta karɓi aikin rajista ba sai 1874 a masarautar Prussia, sannan 1876 a daular Jamus baki ɗaya. Kafin nan limami abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Mutum guda sai ka same shi Bart ranar baftisma, Barth ranar aure, Bardt ranar jana'iza.

Karanta waɗannan littattafai shi ne aikin da ya fi cin raina, kuma shi na fi so. Da tsohon rubutun hannu na Kurrent aka yi su, wanda yawancin Jamusawan yau ba sa iya karantawa, tun da an daina koyar da irinsa a makarantu a 1941. Harafin e da n sun yi kama, s yana da siffa fiye da ɗaya, ga Latin a cakuɗe, ga tawada ta ci takarda. Sai ka wuni kan layi uku. A nan na koyi ƙa'idar da ba a karya ta: daga sananne ake farawa a koma baya, mataki ɗaya bayan ɗaya, ba a fara daga wani babban mutum na da a gangaro ana neman inda za a rataya kai. Na kuma koyi duba sunayen iyayen baftisma, wato waɗanda suka tsaya wa yaro ranar baftismarsa, da shaidun aure, don sau da yawa su ke raba maka Johann Barth biyu da suka rayu a ƙauye ɗaya a lokaci ɗaya. Wani lokaci ma a gida ɗaya suke, domin idan yaro ya rasu akan mayar wa ƙaninsa sunansa. Shafukan mace-macen yara, musamman a shekarun annoba, ba a karanta su da busasshen ido.

Ko gadon sunan ma ba ko'ina ya bi hanya ɗaya ba. A yankin Westfalen gona ce ke da suna, namijin da ya auri magajiyar gona sai ya ɗauki sunan gonar, 'ya'yansa su tashi da shi. A Gabashin Friesland kuwa mutane sun ci gaba da amsa sunan uba, yana canzawa daga tsara zuwa tsara, har sai da dokar Napoleon ta 1811 ta tilasta musu tsayar da suna guda.

Da wannan na fahimci cewa Karl Barth, malamin tauhidin Kirista da aka haifa a Basel a 1886, suna kawai ya haɗa shi da Abdulkarim ɗinmu. Haka kuma masu sayar da tambarin gida, wato zanen alamar zuriya irin ta Turawa, a intanet, su ce ga tambarin duk mai suna kaza, ciniki kawai suke yi: tambari na wani iyali ne takamaimai, ba na suna ba ne. Mutanen Kano ma suna da misali a gabansu. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, sunansa tsohon rubutun Fischer ne, amma danginsa a Basel attajiran siliki ne, ba masu jefa taru ba.

Akwai ɓangaren da ya sa na daina ɗaukar wannan ilimi abin nishaɗi kawai. Yahudawan Jamus da Ostiriya sun daɗe suna amsa sunan uba, sai dokar Sarki Joseph na Biyu ta 1787 a Ostiriya da ta Prussia ta 1812 suka sa su ɗauki sunan iyali. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, bin salsala ya zama makami. Ma'aikacin gwamnati sai ya kawo shaidar cewa iyayensa da kakanninsa ba Yahudawa ba ne kafin ya tsira da aikinsa, dokokin Nuremberg na 1935 kuma suka auna mutum da addinin kakanninsa huɗu. Daga waɗannan littattafan coci da nake sha'awa aka riƙa ciro shaidar. A 1938 aka yi doka cewa daga farkon 1939 Bayahuden da sunansa bai nuna shi ba ya ƙara Israel, mace ta ƙara Sara. Duk lokacin da na ji wani yana alfahari da tsarkin jini, ko a wace ƙasa yake, waɗannan takardun nake tunawa. Ba mamaki Jamus ta yau take tsare rajistarta: sai bayan shekara 110 ake buɗe na haihuwa ga kowa, na aure 80, na mutuwa 30.

Shi kuwa Heinrich Barth, ya rasu a Berlin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Don haka babu wani Barth a yau da zai ce jikansa ne. Wanda ya riƙe tarihinsa daga cikin dangi mijin 'yar'uwarsa Mathilde ne, Gustav von Schubert, hafsan soja a Sachsen, wanda ya yi amfani da wasiƙun gida ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1897. Mai bin sunan Barth kaɗai a littafin rajista zai wuce ta kan wannan reshen bai gan shi ba, saboda ranar da aka ɗaura wa Mathilde aure sunanta ya koma Schubert.