Tiyon fetur ne ya cinye min mota, ga yaro zai maimaita

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na tarar da ɗan ƙanwata sunkuye cikin bonet ɗin wata tsohuwar Peugeot 504 da ya saya, ya jingina wayarsa jikin batir yana kallon wani yana koya masa gyara. A hannunsa akwai famfon mai na lantarki, a ƙasa kuma nannaɗen tiyo fari garau, irin wanda ake ganin ruwa ta cikinsa. Har ya riga ya ratsa tiyon ya bi da shi ta gefen inda salansa ke fitowa daga inji, tazarar ba ta kai yatsu biyu ba. Na tambaye shi daga wace mota aka ciro famfon. Ya ce, "Kawu, na sabuwar mota ne, ya fi ƙarfi." Sai da gabana ya faɗi. Famfon motar da ke fesa mai da injekta yana turawa da ƙarfin da ya kai psi 40 ko ya wuce (psi ma'aunin ƙarfin turi ne), alhali kabureta irin ta motarsa, wato abin da ke haɗa wa inji mai da iska, ba ta bukatar ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Na ce ya ajiye sifana ya saurare ni. Ya ajiye, amma idonsa na kan waya.

Ni tawa Volkswagen Beetle ce ƙirar 1971, kuma har yau ban mallaki abin da na so kamarta ba. Wanda ya san motar ya san yadda take: tanki a gaba, inji a baya, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, bututun ƙarfe ya taso daga tanki ya bi ta cikin ƙashin bayan motar har ya ɓulla kusa da inji. Daga nan guntun tiyo ya kai wa famfo, famfo ya kai wa kabureta. Shekaru tana tafiya a haka lafiya lau. Sai ta tsiro da wani hali. In na yi tafiya mai ɗan nisa sai ta fara shiƙa, totur ya daina amsawa, ta mutu a gefen hanya. In na jira minti goma sha biyar sai ta tashi kamar ba ita ba.

Kowa ya ba ni tasa fatawar. Wani ya ce koyil ne ke zafi. Wani ya ce mai ne ke tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya jan tururi. Wannan ta biyun ta zauna min, domin gaskiya ce tana faruwa da tsofaffin motoci, kuma alamunta sun yi daidai da abin da nake gani. To a nan ne na yanke hukunci ba tare da na buɗe komai na duba ba. Ban cire tiyo na ga ko mai na zubowa daga tanki da ƙarfi ba. Ban auna abin da famfon ke bayarwa ba. Na dai je na sayo na lantarki, irin wanda ake yi wa manyan injunan Amurka masu silinda 8, mai bayar da kusan psi 7, ita kuwa kabureta Solex da ke kan motar kusan psi 3 take so.

Ina yawan gaya wa kaina cewa a lokacin babu wanda zan tambaya, babu intanet, littafin motar ma ban taɓa riƙe shi a hannu ba. Kuma gaskiya ne. Ina da aiki da nake zuwa kullum, motar ta sha kunyata ni a tsakiyar titi, haƙurina ya ƙare. Wanda bai taɓa tura mota shi kaɗai ana yi masa oda a baya ba, ba zai gane abin da ke sa mutum ya yi gaggawa ba. Amma duk wannan bai wanke ni ba, domin akwai wani dattijon bakanike da ya leƙa aikin ya ce min, "Ɗana, sauke tankin nan tukuna." Na ga sauke tanki wahala ce, kuma na ɗauka tsufa ne ya sa yake ƙin sabon abu.

Ga abin da na yi da hannuna. Na ɗaura famfon a cikin ɗakin inji, can nesa da tanki, alhali famfon lantarki turawa ya iya, ba ja ba, wurinsa kusa da tanki ne kuma ƙasa-ƙasa. Na haɗa wayarsa kai tsaye da makulli, wato muddin makulli na kunne yana aiki, ko inji na juyawa ko ya tsaya. Tiyon asali na motar milimita 5.5 ne, ban samu ba, na sa na kwatan inci, wanda ya ɗan fi shi faɗi, na ɗaure da waya maimakon kilif. Inda bututu ke ratsa faifan ƙarfen da ya kewaye inji akwai zoben roba da ke hana shi goguwa, ya ruɓe, na jefar ban maye gurbinsa ba. Sannan na rataya filta ta roba tsakanin famfo da kabureta, tana lilo a saman distirbuta mai raba wa filogi wuta, wai don in riƙa ganin mai na wucewa.

Mako uku ina jin ƙanshin fetur a cikin mota. Na ga baƙin hayaƙi, na ga filogi suna baƙi, duka alamun ƙarfin famfon ya rinjayi allurar da ke tsayar da mai a cikin kwanon kabureta, mai na ambaliya. Na gani na kau da kai, saboda mutuwar da take yi ta ɗan ragu, ni kuma abin da nake nema ke nan.

Ran da abin ya faru, wani mai babur ne ya cim mini yana ɗaga hannu yana nuna bayana. Da yake injin a baya yake, mai tuƙi shi ne na ƙarshen sani. Na tsaya na fito da gudu, na manta makulli a kunne. Ɗan bututun tagulla da tiyo ke shiga a jikin kabureta cusa shi kawai aka yi a masana'anta, ba zare gare shi ba, nauyin filta da girgiza suka yi ta jan sa har ya zare. Famfo kuwa ya ci gaba da feso fetur kan distirbuta. Na ɗaga murfin inji gaba ɗaya, iska ta shiga, wuta ta tashi ta lashe min gashin hannu. Mutane suka kawo ruwa, abin ya ƙara muni, domin ruwa ba ya kashe fetur, gangar injin Beetle kuma da ƙarfen magneziyam aka haɗa ta, in ta kama ruwa ƙara mata haushi yake. Ina tsaye ta ƙone.

Tankin bai ƙone ba tunda yana gaba. Da aka zo cire abin da ya rage, dattijon nan ne ya sauke shi ya juye min a gabana. Tsatsa ce ta zubo kamar ƙasa. 'Yar ragar da ke bakin tanki ta toshe. In ana tafiya tsatsa ta taru ta rufe ta, in an tsaya ta saki. Ciwon ke nan tun farko. Bai ce min komai ba, ya kakkaɓe hannu ya tafi.

Na zo wa yaron nan da niyyar jera masa abubuwa goma sha, amma da na ga yana latsa waya ina magana, sai raina ya ɓaci, abin da ya fito kaɗan ne. Ku 'yan yanzu komai sai ku ce kun gani a bidiyo. Wanda ya yi bidiyon ba ya jin ƙanshin man da ke ɗiga a motarka.

Fara daga tanki. Sauke shi, wanke shi, duba ragarsa, duba ko iska na shiga, domin tankin da ramin iskarsa ya toshe ma yana hana mai sauka. Kada ka sayi komai kafin wannan. Famfon asali in yana da lafiya bar shi, shi da inji suke juyawa, inji ya tsaya ya tsaya. Sunsuna baƙin mai, in yana warin fetur to fatar cikin famfon ta yage, a canza ta. Ni na ce kada ka sa na lantarki sam. To, in dole ce, akwai motocin da shi ne maganinsu, musamman masu tafasa mai, amma ka nemi mai ƙaramin ƙarfi, ka auna da geji, ka sa fiyus, ka haɗa shi ta yadda zai mutu in inji ya mutu.

Doguwar hanya da bututun ƙarfe ake yin ta, a kafe shi jikin mota kada ya yi rawa, roba sai guntu inda inji ke motsi. Kada ka sa zallar jan ƙarfe, girgiza na sa shi ya taurare ya tsage. Farin tiyon nan naka jefar da shi, fetur zai busar da shi. Nemi wanda aka rubuta SAE J30 R9 a jikinsa, shi ke jure fetur mai gaurayen etanol, wanda ke cin tsohuwar roba ta ciki alhali wajenta na nan kamar sabuwa. Nesa da salansa, nesa da fanbel, nesa da wayoyin filogi. Filta a sa ta kafin famfo.

Na kuma ce masa ya kai wa bakanike, kada ya taɓa da kansa. Sai na tuna wanda ya sayar min da wancan famfon har da rantsuwa shi ma bakanike ne. Don haka na ce ya koya da hannunsa, amma ya tsaya kusa da wanda ya tsufa a kan kabureta, ya rufe baki. Ya ce, "Kawu, ai yanzu ka ce kada in taɓa." Na ce na ji, ɗauko jek mu sauke tankin. Na aike shi ya nemo abin kashe gobara mai hoda tukuna, na cire kan batir, na zauna ina jiran sa da farin tiyon a hannuna.